Motar Nama Ta Fara Hayaƙi

Yaya Sale,

Ina gaishe ka da iyali. Yaya yara, yaya jikin Inna? Mu a unguwar Kabalaye muna nan dai.

Ka tambaya ko maganin gwangwanin da ake zubawa cikin baƙin mai yana da amfani. Ban sani ba. Autanmu Musa ne ya yarda da shi, shi ke zuba wa motar namanmu. Tun da masu bindiga suka tafi da shi da motar a unguwar Dembé, in sun wuce da ita na ji injin lafiya, sai in ce Musa na nan da rai, yana zuba mata maganin. Jiya ta wuce tana tari, tana hayaƙi. Na ci gaba da yankan nama.

A sa mu a addu'a. Ka gai da Inna, kada ka yi mata zancen hayaƙin.

Ƙanenka,
Isa