Hannuna da Jan Fasfon Lirim

Asabar, 7 ga Afrilu, 2018

Kasuwa ta yi kyau. Wata baƙuwa daga Zurich ta tambaye ni ko saniyar da aka yi cukun nan da madararta tana da suna. Na ce Flora, har na ƙara mata da cewa tana da saurin fushi. Ta sayi ƙari.

Lirim, mai kayan miya da rumfarsa ke jikin tawa, ya zo fuska a sake. Kotun jiha ta soke ƙin da taron garinmu ya yi masa bara, da ya nemi zama ɗan ƙasa. Tun yana saurayi ya zo daga Kosovo, 'ya'yansa duk a nan Tannwil aka haife su. Amma jan fasfo na 'yan ƙasa sai gari ya yarda, sannan jiha, sannan gwamnatin tarayya a Bern. Bara aka ɗaga hannu aka ƙi shi, ba wanda ya ce uffan. Yanzu alƙalai sun ce tsarin mulki bai yarda a hana mutum abu a ƙi gaya masa dalili ba. A sake zama.

Na yi masa barka, na ba shi ɓarin cuku. Wanda ya ɗan tsage.

Talata, 10 ga Afrilu

Na kai kaya otal ɗin Gottlieb, babban mai sayen cukuna. Na tarar da shi ya cika fam. "Wasu masu baƙar riga a birni su za su zaɓa mana ɗan gari? To mu aikinmu me?" Na ce, "Gaskiyarka, Gottlieb." Haka nake ce wa kowa, ban taɓa yin asara a kai ba.

Amma shi ɗin nan, ba zai yarda ni in gwada sikelina da kaina ba, sai ma'aikacin jiha ya zo ya manna masa tambari. Mai yanka daban, mai awo daban, mai duba awon daban. Ko ni da ban yi nisa a makaranta ba na riƙe wannan. Ban dai faɗa ba.

Asabar, 21 ga Afrilu

Ruwa tun safe. Lirim ya ara mini tamfol.

Asabar, 5 ga Mayu

Gottlieb da kansa har rumfa, ya ja ni bayan mota. Ashe shi da mutanensa suna neman wanda zai miƙe a taro ya faɗi dalilin, don kowa na son ƙi, ba mai son a ji muryarsa.

"Kai ne maƙwabcinsa, Balz. Ga baki, kai da kake sayar wa mutanen birni sunan saniya."

Na ce wane dalili zan faɗa?

"Bai saje da mu ba. Ka taɓa ganinsa a teburin karta a mashaya?"

"Ba ya shan giya, Gottlieb."

"To, ka gani."

Na ce zan tashi in yi magana. Ban ce wace magana ba.

Lahadi, 13 ga Mayu

Ina da dabarata ta taron gari, kuma ina alfahari da ita. Da an ce a ɗaga hannu, sai in kai nawa kunne in yi susa. Na baya su ga kamar na ɗaga, masu ƙirga a gaba su ga mai ƙaiƙayi. Ranar Asabar kowane ɓangare ya zo ya sayi cuku wurin mutuminsa.

Matata Regula tana fere dankali ta ce, "Wannan karon kunnenka ba zai cece ka ba, tsoho." Na ce ta zuba ido. Zan yi magana mai tsawo mai daɗi wadda ba komai cikinta, in zauna, in sosa kunne. Gottlieb ya ce na yi, Lirim ya ce ban yi ba.

Ta yi miyar sha'ir. Na ci kwano biyu.

Alhamis, 24 ga Mayu

Lirim bai roƙe ni komai ba, ko da ido. Mai tayi ka san yadda za ka yi da shi. Wanda ya tsaya kawai yana jera latas fa?

Asabar, 26 ga Mayu

Jiya da yamma aka yi, a zauren motsa jiki na makaranta. Cike. Da aka zo kan maganar, aka fitar da Lirim da matarsa Drita waje kamar yadda aka saba. Annelies, shugabar gari, ta ce duk mai ƙi ya miƙe ya faɗi dalili, magatakarda zai rubuta, domin kotu za ta iya neman gani. Ba wanda ya tashi. Gottlieb ya dube ni ya yi tari. Ya sake yin tari. Na miƙe.

Na ce ina da ƙorafi a kan mutumin nan. Yana riga kowa zuwa kasuwa, ya share gabansa ya haɗa da nawa, sai a ɗauka ni malalaci ne. Aka yi dariya. Ni kuwa in an yi mini dariya ba na iya tsayawa. Na ce lokacin da na karye a ƙafa ya tsare mini rumfa, ya sayar fiye da ni, bai kuma yi wa kowa ƙaryar saniya ba, wannan ai cin fuska ne. Na ce karta kam ba ya yi, ni ina yi, a tambayi Regula ko ta mai da ni mutumin kirki. Daga can bayan zaure wani ya ce, "Ba sai an tambaya ba."

Ina shirin zama cikin dariyar, Annelies ta cire tabarau. "Balz, wannan dalilin ƙi ne ko na yarda? Magatakarda yana jira."

Kowa ya juyo. Na duba hagu, na duba dama, ba ta inda zan sulale. Na ce ya rubuta cewa na nemi dalili ban samu ba.

Ba wanda ya ƙara miƙewa. Ta ce masu yarda su ɗaga. Hannuna ya tafi kunne kamar kullum, sai ya zarce. Kafaɗar nan tun sanyin bara ba ta tsayawa inda na ce.

Ya samu, da rata mai kyau. Da aka shigo da su, Drita ta riƙe hannun rigarsa.

Asabar, 9 ga Yuni

Gottlieb ya koma sayen cukun masana'anta. Baƙinsa nake tausaya wa. Zan ji a jikina, ba shakka, sai na ƙara fita kasuwar Laraba. Barci dai ina yinsa lafiya.

Lirim bai ɗaga maganar ba. Ya ajiye mini kwandon tumatir, ya ce, "Sun kusa lalacewa ne, maƙwabci." Na juya su ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu ƙalau. Ashe ya iya ƙarya.

Asabar, 1 ga Disamba

Jiha ta sa hannu. Saura Bern, su kuma ba sa sauri ko gobara ake yi.

Asabar, 25 ga Mayu, 2019

Taron gari jiya. Bern ta sa hannu, jan fasfo ya iso, ga Lirim a cikin zaure karo na farko da ikon ɗaga hannu, kusa da ni, da kwat ɗin da ta yi masa yawa. Maganar ita ce a ɗauke kasuwa daga gaban coci a mai da ita bakin tashar jirgi. Ni ba na so, a gaban cocin nan mahaifina ya yi rumfa. Na ɗaga hannu a bar ta. Da aka zo kan masu son a ɗauke, sai ga hannun Lirim har yana neman taɓa rufi.

Na ce, "Maƙwabci, da hannun da na samo maka?"

Ya ce, "Kana son dalili? Zan faɗa, a rubuta."

Mun sha kaye. A hanyar gida ina ta yi masa tsiya, yana ta dariya. Wai ya riga ya duba mana wuri biyu a jere, nawa a inuwa saboda cuku.

Regula ta ce ta lura kunnena ya daina ƙaiƙayi. Na ce man da ta sayo ne.