Yauƙin Bututun Baffa Ghali

Panyu, Guangzhou

Zuwa ga 'yata Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar Abbanki, yaya Umma da ƙannenki? Mu nan sai godiya.

Na karanta aikinki na kammala digiri, na ji daɗi ƙwarai. Jimla ɗaya ce ta tsaya mini a rai. Kin rubuta cewa da kika zuba gishirin ƙarfe a ruwan kwata wari ya ɗauke, don haka bakteriyar sun mutu. Kusan kowa haka yake zato, amma in kika kai wannan gaban malamai ranar kare aiki, za su kayar da ke.

Baffanki Ghali ma haka ya zata. Gidan abincinsa na kusa da ginin kasuwar Tianxiu a nan Guangzhou ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi kuwa ya dage da turaren wuta. Firdausi, in turare ya gauraya da wannan wari, gara warin shi kaɗai. 'Yan kasuwa suka fara barin tuwo a kwano. Na samo masa gishirin yana ɗigawa a magudana. Ruwa ya koma baƙi ƙirin, wari ya tafi, sai ya daina zubawa, ya kuma hana a taɓa bututun magudanar, wai an gama da bakteriyar. Ranar walimar Sallah warin ya dawo, baƙi suna tauna nama suna toshe hanci.

Washegari na sa aka kwance bututun. Duk daɗewata a wannan bincike sai da na yi amai. Wani baƙin yauƙi ne manne a jikinsa, yana zarara daga safar hannuna kamar karkashi. Har yau ba na iya kallon miyar kuɓewa. A cikin yauƙin nan suke zaune. Ƙarfe yana kama iskar da suke fitarwa, yana kuma rage musu ƙarfi, amma na can ƙasa suna raye, suna jira a gaji da zuba gishirin.

Ki gwada da kanki. Ki sa safar hannu, ki kankaro yauƙin bututun wanke-wanken Umma, ki jefa a kwalba da ruwan kwata, ki zuba gishirin. In wari ya ɗauke, ki tsiyaye ruwan, ki riƙa sake sabo ba gishiri. Hancinki zai gyara miki jimlar. A tsakar gida za ki yi, kuma ba bayan cin abinci ba.

Ki gaida kowa. Allah ya ba da sa'a.

Gwaggonki,
Zulaiha