Jan Furen Bakin Famfo

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ta yanke magana: ƙarshen wata Umma za ta koma wurinta, hawa na uku. Likita ya ce abin da ya tafi na ganin idonta ba zai dawo ba, sauran ma lallaɓa shi ake yi. Umma ba ta yi musu ba. Abu ɗaya ta roƙa, in zana mata jan furen nan nata na bakin famfo, tunda ba a hawa bene da shuka. Na ce to. Aikina ne dai.

Laraba, 5 ga Maris
Furen nan ba ya kwana. Da safe ya buɗe, kafin magariba ya naɗe ya faɗi. Fentin ruwa kuma sai shafin farko ya bushe ake ɗora na biyu. Da wani na fara, da ƙanensa zan ƙarasa.

Asabar, 8 ga Maris
Na gama. Ba yabon kai ba, ya fita: jijiyoyin ganye, ɗan garin rawaya na tsakiya, duk da ƙaramin buroshi, irin yadda nake yi wa littattafan makaranta. Umma ta kai takardar har hanci, ta juya ta.
"Auta, bayan ka miƙo min ne?"
Gaban ne.
Ta sa min albarka, ta ajiye.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban taɓa fenti ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Yaya a waya: "Kai ka cika iyayi, malam mai zane. Ka yi mata ƙato mana!" Ita a ganinta da fentin ruwa da na ƙofar shago duk ɗaya ne. Na ƙyale ta.
Da hantsi na tarar da Umma a bakin famfo tana shafa furen da yatsa. Na ce me take gani. Wai ja, sai duhu a tsakiya. Shi ke nan.

Asabar, 22 ga Maris
Babbar takarda, na jiƙa ta da soso, na zuba ja da buroshin shafen bango. Ya zuzzuba, har wandona ya samu rabonsa. Ba jijiya, ba komai. Da wani ne ya kawo min wannan, da na ce ya je ya sake. Na jingina zanen a tsakar gida ya bushe.
Umma ta fito alwala, ta tsaya cak tun daga ƙofar ɗaki.
"Na bakin famfo ne. Yau ya buɗe sosai."
Na shiga ciki wanke hannu. Na ɗan daɗe.

Litinin, 31 ga Maris
An kwashe kaya. Yaya ta kafa babban zanen daidai ƙafar gado. Wai Umma ta ce wannan ya fi na gida kunya, ba ya faɗuwa da yamma.
Ƙaramin buroshin ya ɓace wajen kwasar kaya. Ban nema ba.
Akwai wani fure rawaya a bayan ɗakinta na gida, Umma ta ce har yanzu tana ɗan ganinsa. Ba ta ce in zana ba. Na dai jiƙa takarda. Gara in yi sauri.