Kan Sani a Cinyata

Daren Talata, Bodinga, 1983

Na gaji tiɓis, barci kuma ya ƙi zuwa. Yau Yaya Hajo ta sake kawo ɗanta Sani daga Shagari. Ban zaci za ta ƙara ba ni shi ba, tun makon jiya da farfaɗiya ta kada shi muna tsakar karatu, na tsallake shi na gudu, wai kada yawunsa ya taɓa ni in kamu. Ni da na zage hedimasta tas don ya kore shi daga aji kan wannan tsoron! Ashe baki gare ni, ba zuciya.

Ta ce, "Kai ɗai shika so, Bello. Na tahi kasuwa."

Muna zana haruffa a ƙasa da tsinke, sai ya ce, "Kawu, in farfaɗiyar ta zo, riƙe man kai kawai. Ba ta daɗewa."

Kafin la'asar kuwa ta kada shi. Ƙafafuna suka nufi ƙofa, na tankwashe su, na ɗora kansa a cinyata har ya lafa. Yawu ya jiƙe min wando.

Da ya farfaɗo ya dube ni ya ce, "Ina munka tsaya?"

Ga ni nan, ban kamu da komai ba sai kunya.