Uku Cikin Ɗari Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

"...ai tun farko sai da na faɗa, mai ciki da kyanwa ba sa zama gida ɗaya." Mama ce, surukata, tana ninke kayan jaririn da ba wanda zai sa. Cikina na wata shida ne ya zube. Yau kwanana huɗu da dawowa daga asibiti.

Likita ya ce tokso ce, ƙwayar cutar da ke fita a kashin kyanwa, ita ta kama ɗan tun yana ciki. Ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar ba a kanta nake digirina na uku ba. Na ce na gode.

Laraba, 5 ga Maris

Farfesa, kyanwata, tana barci a kan firij. Duk wanda ya gifta sai ya harare ta. Ita kaɗai ce a gidan nan ba ta ce mini "sai haƙuri" ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi musu lacca ana cin abinci. Shekara biyu ina duba kashin kyanwoyi a ɗakin gwaji, samfuri ɗari huɗu, uku kacal na samu da ƙwan cutar. Kyanwa takan zubar da shi na mako biyu ko uku ne, galibi sau ɗaya a rayuwarta, kuma sai kashin ya kwana kafin ya iya cutar da mutum. Naman da bai dahu ba ma ya fi ta laifi.

Mama ta ce, "To Dakta, cikin ukun nan wa ya ce miki babu irin taki?"

Da ɗalibata ce da na ba ta maki.

Maigidan ya ce, "Ci abincinki." Na ci.

Talata, 11 ga Maris

Na koma aiki. Na duba kashin Farfesa: babu komai. Hakan bai wanke ta ba, bai kuma kama ta ba. In ma ta taɓa zubarwa, an daɗe da wucewa.

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Samfuri na 217, ɗaya daga cikin ukun. Ni na ajiye shi kwana biyar da gangan don ƙwan ya nuna, in ɗauki hoto mai kyau. Ranar safar hannu ta ƙare. Na ce aikin minti biyu ne. Da na gama na zauna a wurin na ci biskit, saboda tashin zuciya. Ina sane da cikin.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Shugaban sashe ya yaba.

Juma'a, 14 ga Maris

Maigidan ya sa Farfesa a buhu. Daga bakin ƙofa ya juyo, "Kin yarda?"

Na ce, "Yadda ka gani."

Ba ta yi kuka ba sai da aka tada mota.

Lahadi, 16 ga Maris

Mama ta wanke gidan tas. Har firij ɗin, sama da ƙasa.

Alhamis, 20 ga Maris

Na gaya wa maigidan da safe, yana ɗaure igiyar takalmi. Ban yi kwana-kwana ba: lambar, safar, biskit ɗin. Na ce ba ni da tabbas, ba kuma za a taɓa samu ba.

"Tun yaushe kike tunanin haka?"

"Tun kafin likita ya rufe baki."

"Kika bar ni na ɗauki buhu."

"Na bar ka."

Ya kwance igiyar, ya sake ɗaurewa. Ya daɗe a sunkuye. Ina ta jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji komai ba.

Can ya ce, bai ɗago ba, "Bayan rumfar mahauta. Wajen famfo."

Kwana shida ke nan. Kyanwar da ba ta taɓa taka titi ba, na san lissafin, ba sai an faɗa mini ba. Ba wai kewarta nake ba. Kawai ba ita ce mai laifin ba.

Na ɗauki kwali da tsohon zanena. Mama ta leƙo daga kicin, "Dakta, ina zuwa ba ki karya ba?"

Na ce, "Kasuwa, Mama."

Na ja ƙofar ta rufu.