Lamba Ɗaya a Takardar Kaya

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Waya ba ta kamawa a nan, shi ya sa na ba direban tanka wannan takarda.

Kwanana huɗu a bakin iyaka. Jami'i ya ce lambar kwantenar da kamfaninmu ya turo musu ta saɓa da wadda ke jikin ƙarfen: an sa bakwai a gurbin ɗaya. Sai ofis ya turo gyara, su kuma su duba in layi ya zo kaina. In na bar motar, su riƙe kayan, su karɓe lasisina. Tunda a ofishin kike, nemo mini wanda ya buga lambar, ki ce masa ya sayi tabarau.

Ki gaya wa Baba ina tafe.

Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. An tura gyaran, sun ce sai kwana uku na aiki.

Baba ya daina cin abinci. Duk motar da ta wuce asibitin da aka kwantar da shi sai ya juyo ya ce, “Shi ne?” In ce, “Saura kaɗan, Baba.”

Ka sake roƙonsu.

Ƙanwarka

Ƙanwata,

Na roƙa har da durƙuso. Jami'in mutumin kirki ne, shayi ma ya ba ni. Ya juyo mini kwamfutar ya ce, “Direba, wallahi ba a hannuna take ba.”

Ki riƙe masa hannu a madadina.

Yayanki

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Talata da hantsi. Kawu ne ya tsaya inda ya kamata ka tsaya.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ni na buga lambar. Ranar aka kira ni cewa Baba ya faɗi, na tura bayanan, jakata a kafaɗa, ban sake dubawa ba. Na rubuta takardar barin aiki. Ban san da wane ido zan kalle ka ba.

Ka yafe mini in za ka iya.

Ƙanwarka

Auta,

Allah ya jiƙan Baba. Yau suka buɗe mini hanya.

Yaga takardar barin aikin nan. Ke kika gudu wurinsa, ni ina gadin ƙarfe. Ba zan ce zuciyata ta huce ba, amma ba da ke take ba.

Zan iso jibi. Kawu ya jira ni, ban san inda kuka sa shi ba.

Yayanki