Idan Ta Ce "Ruwa"

Mama, ina kwana. Na fita kina barci, ban so in tashe ki ba. Na tafi asibiti taron iyayen yara masu lalurar otizim irin ta jikarki, sai azahar zan dawo.

Ki yi haƙuri da abin jiya. Na ga fuskarki da takwararki ta ce "ruwa" amma ta ture kofin da kika miƙa mata, har kika ce, "Tunda ba ta son kakarta, gobe zan koma gida."

Ba ƙin ki take yi ba. Idan ta ce "ruwa", ba ƙishirwa take ji ba, ƙara ce ta yi mata yawa. Tun tana ƙarama nake kai ta bakin famfo idan ta rikice, ta sa hannu a ruwa har ta nutsu. Jiya ga rediyo, ga injin markaɗen maƙwabta, ga mu muna hira a kanta.

Don Allah idan ta faɗa yau, ki kashe rediyon, ki buɗe mata famfo kaɗan, ki zauna kusa amma kada ki riƙe ta. Ba sai kin ce komai ba.

Kada ki wahala neman jakarki, ba ni na ɗauke ba. Da sassafe ita ta ja ta, ta tura ƙarƙashin gadonta, inda take ɓoye abin da ba ta so ya ɓace mata.

'Yarki